Mabuɗin Zinariya da Mabuɗin Itace: Sharhi a Kan Koyarwar Agustin Game da Iya Magana

Kowace shekara, idan lokacin wa'azin gwaji ya matso, ba na rasa ɗalibin da zai biyo ni bayan aji ya ce, "Malam, nazari kam na yi, amma da na hau mumbari sai bakina ya yi nauyi. Me zan yi in iya magana kamar wane?" Wanen nan kuwa kusan kullum wani mai wa'azi ne da ya gani a talabijin ko a wayarsa. Na daɗe ina amsa wannan tambaya da 'yan shawarwari: ka tsaya daidai, ka ɗaga murya, ka dubi jama'a. Ba laifi shawarwarin, amma ba su kai gindin maganar ba. A wannan darasi ina so mu zauna da wani tsohon littafi, mu ji abin da ya ce, mu kuma auna shi, gama akwai inda ya yi mana gyara mai zafi, akwai kuma inda nake ganin ya bar mu a hanya.

Mai littafin shi ne Agustin, mutumin Afirka ta Arewa. An haife shi a shekara ta 354 a Tagaste, garin da ake kira Suk Ahras a ƙasar Aljeriya ta yau. Kafin ya tuba, iya magana ita ce sana'arsa. Ya koyar da balaga a Kartaj da Roma, a 384 kuma aka ba shi kujerar malamin balaga a Milan, inda fadar sarkin Roma take a lokacin. Cikin aikinsa har da tsara jawabin yabon sarki, shi da kansa kuma ya faɗi daga baya cewa ƙarya ce yake shiryawa, masu tafa masa ma sun san ƙarya ce. Da a ƙasarmu ne sai mu ce maroƙin fada ne mai ilimi. Ya ajiye aikin a 386, aka yi masa baftisma a 387, aka naɗa shi firist a Hippo a 391, bayan 'yan shekaru ya zama bishop na garin, ya rasu a can a 430.

Sunan littafin da Latin De Doctrina Christiana, wato Koyarwar Kirista, kashi huɗu ne. Ukun farko a kan yadda za a fahimci Littafi Mai Tsarki suke, na huɗu kuma a kan yadda za a faɗi abin da aka fahimta. Ya fara rubutun wajen 396, ya tsaya a tsakiyar kashi na uku, bai koma kansa ba sai wajen 426. Wato kashi na huɗu, wanda shi ne abin nazarinmu, aikin dattijo ne da ya haura shekara 70, wanda ya yi kusan shekara 35 yana wa'azi ga masunta, 'yan kasuwa da manoma. Wannan ya sa nake ba shi nauyi fiye da littattafan koyon jawabi da ake sayarwa a bakin titi.

Ko ya halatta bawan Allah ya nemi fasaha?

A cikinmu akwai masu ganin shirya kalmomi rashin bangaskiya ne. Sukan kafa hujja da 1 Korantiyawa 2:1-5, inda Manzo Bulus ya tuna wa Korantiyawa cewa ba da gwanintar magana ya zo musu ba. Agustin ya san wannan tunani, ya kuma amsa shi tun a farkon kashin. Ya ce iya magana makami ne da gaskiya da ƙarya duk za su iya ɗauka. To, ashe daidai ne masu yaɗa ƙarya su san yadda za su jawo hankalin mutane, su yi bayani a taƙaice a sarari, masu tsaron gaskiya kuwa su tsaya suna gundurar jama'a har barci ya kwashe su? Amsar tana da ƙarfi, kuma har yau ban ji wanda ya ture ta ba.

Daga nan ya nuna cewa marubutan Littafi Mai Tsarki da kansu masu fasaha ne. Ya ɗauki Romawa 5:3-5, inda Bulus ya hau daga shan wuya zuwa jimiri, daga jimiri zuwa hali, daga hali zuwa sa zuciya, kamar mai hawan tsani. Ya ɗauki 2 Korantiyawa 11, ya ɗauki Amos 6:1-6, maganar makiyayin da bai shiga makarantar balaga ba. Abin da ya gani shi ne, mutanen nan hikima suka bi, fasaha kuma ta biyo bayanta kamar baran da ba a kira ba. A nan sai in ce dattijon ya ɗan wuce gona da iri. Ya ɓata shafuka yana ƙirga gaɓoɓin jimla a fassarar Latin don ya rufe bakin masana na zamaninsa da suke raina Nassi. Ɗalibinmu zai iya tsallake ƙirgar, ya buɗe ayoyin a Hausa ya karanta su da ƙarfi sau uku, kunnensa zai ba shi abin da ake nufi.

A ji ka tukuna

Inda littafin ya fi amfani a gare mu shi ne maganarsa a kan fahimta. A wurin Agustin, mutumin da ya yi magana ba a gane ba, kamar bai yi magana ba ne. Ya kawo misali da ya kamata ya faɗa kunnen duk mai wa'azi da Hausa. A Latin akwai kalmar os. Idan an ja wasalin, baki ake nufi. Idan an gajarta shi, ƙashi ake nufi. Mutanen Afirka ta Arewa kuwa kunnensu bai saba rarrabe dogon wasali da gajere ba. Saboda haka tsohon malamin balaga ya ce gara mai koyarwa ya ce ossum, kalmar kasuwa da malaman nahawu suke ƙyama, muddin za a gane ƙashi yake nufi.

Ku duba yadda wannan ya dace da mu. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Gado na kwana da gado na magada rubutunsu ɗaya. Fari na launi, fari na rashin ruwa da fari na ɗan fari duk haka. A ikkilisiyoyinmu da yawa kuma Hausa ba ita ce harshen gida ba, ga mai karatu da ga masu ji. Na taɓa zama a sujada inda mai karanta Nassi ya gajarta wasalin gado a 1 Bitrus 1:4, yara a baya suka yi ta ƙyaƙyata dariya, gama sun ji an ajiye musu abin kwanciya a sama. Da ya karanta ayar a gida da ƙarfi, ko da ya ƙara bayani da bakinsa ya ce abin da uba yake bar wa 'ya'yansa, da ba a yi haka ba.

Haka yake da manyan kalmominmu na aji. Ɗalibi ya koyi baratarwa, kafara da tsarkakewa, sai ya kwashe su ɗanye ya kai ƙauye. Wani kuma ba ya gama jimla sai ya tsoma Turanci biyu ko uku, don a san ya yi makaranta. Agustin ya tambaya, ina amfanin mabuɗin zinariya idan ba ya buɗe ƙofa, mene ne kuma aibin na itace idan ya buɗe? Ba yana cewa a yi magana ta ƙazanta ko ta ganganci ba. Cewa yake, idan dole a zaɓa tsakanin kalmar da za ta burge abokan karatunka da wadda tsohuwar da ke bencin mata za ta gane, zaɓin ba shi da wuya.

Ya ƙara wata shawara da ba kasafai ake koya mana ba. A hira, wanda bai gane ba yakan yi tambaya, amma a taro mutane shiru suke yi. Don haka nauyin yana kan mai magana ya karanta fuskoki da motsin jama'a. Idan ya ga ba su kama ba, ya juya maganar ta wata hanya, ya sake juya ta. Da zarar ya ga sun kama, ya wuce, kada ya tsaya yana tuƙa abin da ya riga ya nuna. Ya kuma lura cewa wanda ya haddace jawabinsa kalma bayan kalma ba zai iya yin haka ba. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Murya uku, mu kuwa ɗaya muka sani

Daga Sisero, shahararren mai jawabi na Roma, Agustin ya ari rabon aikin mai magana gida uku: ya koyar, ya faranta, ya motsa. Kowane aiki da salonsa. Akwai salo mai sauƙi na bayani, akwai na tsaka-tsaki mai daɗin ji, akwai mai ƙarfi na girgiza zuciya. Sisero ya ce girman batu shi ne yake zaɓen salo, wato ƙaramar magana a yi ta da sauƙi, babba da ƙarfi. Agustin ya ƙi wannan. Ya ce a bakin mai hidimar bishara babu ƙaramin batu, gama ko ƙoƙon ruwan sanyi na Matiyu 10:42 yana da lada, ko rigimar kuɗi tsakanin 'yan'uwa ta sa Bulus ya yi magana da zafi a 1 Korantiyawa 6. Abin da ke zaɓen salo shi ne bukatar masu ji a wannan lokaci. Idan ba su sani ba, a koya musu a tsanake. Idan sun sani sun yarda amma sun ƙi aikatawa, a nan ne ake buɗe murya. Ya kuma ce a riƙa sauyawa, domin salon ƙarfi shi ne wanda kunne ya fi saurin gajiya da shi.

Wannan gyara namu ne kai tsaye. Tun da lasifika da janareta suka shigo majami'unmu, da yawa daga cikinmu salo ɗaya muka sani. Daga gaisuwa har albarka, ihu ne. Ana bayanin Triniti da ihu, ana sanarwar ranar sharar majami'a da ihu. Idan aka kai wurin da ya cancanci a ɗaga murya, ba sauran inda za a ɗaga ta. Wani lokaci ma, in mun faɗi gaskiya, inda nazarinmu ya yi rauni a nan muke ƙara ƙarfin murya, mu kuma roƙi jama'a su ce amin.

Ba a kan mumbari kaɗai abin yake ba. Fasto yakan gabatar da rahoto a gaban dattawa ko majalisar gunduma, yakan karanta takarda a taron ƙara wa juna sani, yakan tsaya gaban hakimi a kan maganar fili. Rahoton kuɗi salo mai sauƙi yake so: nawa ya shigo, nawa ya fita, ina ragowar. Wanda ya lulluɓe lissafi da karin magana da kirari, dattawa za su fara tunanin akwai abin da yake ɓoyewa. Amma ba ƙaramin batu ba ne, gama baikon gwauraye ne ake lissafawa.

A kan farantawa kuwa Agustin ya yi taka-tsantsan, kuma rayuwarsa ta ba shi dalili. A littafinsa na furci ya ba da labarin Faustus, malamin ɗarikar Mani, wanda ya yi shekaru yana jiran zuwansa. Da mutumin ya zo, sai ya tarar da baki mai zaƙi ba amsa a ciki. Amma a Milan ya riƙa zuwa jin Bishop Ambros don ya auna gwanintarsa kawai, sai gaskiyar ta bi bayan daɗin maganar ta shige shi. Shi ya sa bai jefar da zaƙin magana ba, bai kuma yarda ya zama shi ne manufa ba.

Abin da ya faru a Kaisariya

Sau ɗaya a wannan kashi ya ba da labarin wa'azinsa, kuma labarin ya isa a tsaya a kansa. A 418 ya je Kaisariya ta Muritaniya. Ba Kaisariyar Ayyukan Manzanni ba ce, ba kuma a ƙasar Muritaniya ta yau take ba. Garin Sharshal ne a gaɓar tekun Aljeriya. Mutanen garin suna da wata al'ada da suka gada: a wani lokaci na shekara sukan rabu gida biyu su yi kwanaki suna jifan juna da duwatsu, maƙwabci da maƙwabci, wa da ƙane, har uba da ɗa, kowa ya kashe wanda ya iya. Agustin ya hau ya yi magana da dukan ƙarfinsa. Suka yi ta sowa suna yaba masa, amma ya ce bai ɗauki wannan a bakin komai ba, gama sowa tana nuna an gane an kuma ji daɗi ne kawai. Sai da ya ga hawaye ya gaskata cewa al'adar ta karye. Lokacin da yake rubutun, shekara takwas ko fiye sun wuce ba a sake yin faɗan ba.

Duk wanda ya yi hidima a garin da aka taɓa ƙona gidaje, ya tsaya gaban matasan da ransu ya ɓaci ranar Lahadi bayan jana'iza, ya san irin wannan wa'azi, ya kuma san cewa kalmar da za ta fi jawo sowa a ranar ita ce kalmar da za ta ƙara wuta.

Duk da haka, a nan nake da ja da dattijon. Ya sa hawaye a matsayin shaida, amma hawaye ma ana iya matso su. Mun ga masu wa'azin da suka san daidai lokacin da mai kiɗa zai taɓa molo a hankali, da labarin marayan da za su kawo. Mun ga mutanen da suke fitowa gaba da kuka a kowane taron farkawa, su koma gida yadda suka fito. Ezekiyel 33:30-32 ya riga ya kwatanta jama'ar da ke zama gaban annabi kamar gaban mawaƙi mai daɗin murya, su ji, ba su aikata ba. Hujja mai ƙarfi a labarin Kaisariya ita ce shekara takwas ɗin da duwatsu suka kwanta a ƙasa. Agustin ya ambace su, amma ɗalibi mai gaggawa zai iya karanta wurin ya fita neman hawaye kamar yadda dā yake neman tafi.

Inda ya bar mu a hanya

Na farko, yadda ake koyo. Agustin ya ce ba lalle sai an haddace dokokin balaga ba. Yaro yana koyon magana ta wurin jin masu magana, haka kuma mutum zai iya zama mai fasaha ta wurin karanta da sauraron masu fasaha. Gaskiya ne, amma mai faɗin haka ya yi shekaru yana koyar da dokokin, sun riga sun zama jininsa. Kuma waɗanda ya sa a gaban ɗalibansa su ne Bulus, Amos, Kifriyan na Kartaj da Ambros. Namu ɗaliban wa suke ji? Shawarar kwaikwayo ba tare da koya wa mutum zaɓen wanda zai kwaikwaya ba ita ce ta haifa mana samari masu shaƙe murya da gangan, masu jan numfashi a ƙarshen kowace jimla kamar wani baƙo daga Amurka, alhali a ƙauyensu akwai dattijon da idan ya yi sulhu tsakanin gida biyu ba wanda yake motsi.

Na biyu, wa'azin aro. Kusa da ƙarshe ya ce wanda yake da murya amma bai iya tsarawa ba, ba laifi ya haddace abin da wani ya rubuta ya faɗa wa jama'a. Ya san za a kawo masa Irmiya 23:30, sai ya amsa cewa Maganar Allah ba baƙuwa ba ce ga mai yi mata biyayya. Ɓarawo na ainihi shi ne mai faɗin alheri yana aikata mugunta. Na ga tausayin da ke ciki, musamman idan na tuna mai bishara a ƙauye wanda ba shi da littafi ko ɗaya ban da Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi. Amma wannan izini ya yi karo da abin da shi da kansa ya faɗa a baya, cewa mai hadda ba ya iya bin fuskokin jama'a. A zamanin waya kuma izinin ya zama ƙofa a buɗe. Na ji ɗalibi ya yi wa manoma wa'azi da misalin katin bashi na banki da inshorar mota, ya kuma ba da labarin wani kamar shi abin ya faru da shi. Zanen aro ba ya rufe katara. Ka ari tsari, ka ari bayani, ka faɗi cewa aro ka yi, amma misalan su fito daga gonar masu jinka.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni mamaki. A ƙauyukan da ke kewaye da Hippo mutane da yawa harshen Funik suke ji, yaren tsohuwar Kartaj, ba Latin ba. Agustin ya san matsalar, har ya nemi firist mai jin harshen don ya shugabanci ikkilisiyar wani gari mai suna Fussala. Amma a wannan kashi bai koya mana yadda ake wa'azi a gaban masu harsuna dabam-dabam ba, ko yadda ake aiki da tafinta. Mu kuwa wannan shi ne abincinmu na kowane mako. Mai wa'azi ya saki jimla mai tsawon igiya, tafinta ya kama wutsiyarta kawai. Ko ya yi wasa da kalmomi a Turanci, tafinta ya tsaya yana kallonsa. Gajerun jimloli, tunani ɗaya a kowace, da zama da tafinta ranar Asabar a bi ayoyin tare: waɗannan sai mu ƙara su da hannunmu a gefen littafin.

Abu biyu da ya rufe da su ba ni da abin ƙarawa a kai. Ya ce rayuwar mai magana ta fi kowane salo nauyi a kunnen jama'a, ya kuma ce mai wa'azi ya zama mai addu'a kafin ya zama mai jawabi, yana tuna mana da Esta wadda ta nemi Allah kafin ta shiga gaban sarki.

A bara na ba 'yan ajina aiki a kan ma'aunin Agustin. Na ce duk wanda ya yi wa'azi ranar Lahadi, kada ya tambayi kowa a bakin ƙofa, gama a can kowa zai ce, "Fasto, Ubangiji ya yi amfani da kai." Ya bari sai Laraba, ya je gidan wata tsohuwa ya gaishe ta, ya ce, "Mama, me kika ji ranar Lahadi?" Wanda ya fi kowa murya a ajin ya dawo jikinsa a sanyaye. Ya yi minti 50 a kan Luka 15, an yi ta tafi. Mama ta ce ta ji daɗi ƙwarai, ta kuma tuna ya ce akuyar kakarsa ta taɓa ɓata. Da ya tambaye ta me ya sa ya kawo labarin akuyar, sai ta ce, "Ɗana, ai ba ka faɗa ba ko an same ta."